RANAR CIKON KUƊIN GIDA: ABIN DA MAI SAYE ZAI TARAR

A cikin sha'anin sayen gida akwai rana guda wadda ta fi sauran kwanaki duka nauyi, watau ranar da za a cika kuɗi a karɓi mabuɗi. Malaman makaranta da akawunan ofis na ƙasar Tambuwal da Kebbe, waɗanda suka yi shekara goma ko ashirin suna tsimi, wani da adashi, wani da rancen ƙungiyar ma'aikata, wani kuwa sai da ya jira kuɗin sallama, yawancinsu sau ɗaya tak su ke ganin wannan rana a duniya. Dillali kuwa kusan kowane wata yana ganin irinta. Saboda haka in an zauna a zaure, dillali ya san abin da zai biyo bayan kowace magana, shi kuwa malam, da ya ke farin ciki ya rufe shi, ba abin da ya ke so sai a gama a shafa fatiha.

To, jama'a, ga abin da ya kamata a riƙe tun da fari. Muddin kuɗin nan suna hannun mai saye, maganarsa ce a ke ji. In ya ce a kirawo wane, za a kirawo shi ko yana gona. In ya ce a kawo takarda kaza, za a tone adaka a kawo. Amma da zarar kuɗi sun koma hannun mai sayarwa, malam ya zama mai roƙo, kome ya ke bukata sai ya bi mutum gida yana sallama, a ce masa ya tafi Jega, ko ya yi ƙaura zuwa Sakkwato. Duk abin da za a nema, a neme shi a wannan rana, kuɗi kuwa su zo daga ƙarshe.

Mutane da yawa suna tsammanin in ba a tashi daga wurin zama ba, mutum yana iya fasawa. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, ba haka ba ne. Da mai saye ya ce ya saya, mai gida ya ce ya sallama, ciniki ya ƙullu, ko ba a tashi ba, ba kuwa mai warware shi sai in dukansu biyu sun yarda, ko an sami aibin da aka ɓoye. Wanda ya ke son lokacin shawara sai ya faɗa tun kafin sallama, a sa sharaɗin zaɓi, littattafan fiƙihu kuwa sun ba da kamar wata guda ga gida, amma ba a sharɗanta biyan kuɗi a cikin kwanakin nan. Haka kuma kafin alƙalami da a ke bayarwa tun farko: lissafinsa cikin kuɗin gida ya ke, sharaɗin cewa in mai saye ya fasa kuɗinsa sun nutse, malaman Malikiyya ba su halatta shi ba. A rubuta adadin da aka riga aka bayar, da ranar da aka bayar, don kada a zo ranar ciko a tsaya musu a kan abin da ya saura.

Wajen zaɓen rana, a ɗauki ranar aiki, a kuma fara da hantsi, lokacin da banki ke buɗe, ofishin ƙaramar hukuma kuma da mutane. Kada a sa zaman ran Jumma'a kusa da azahar, domin cinikin da aka ƙulla bayan kiran salla ɓatacce ne a wurin malamanmu, ga shi kuma kowa hankalinsa na masallaci, sai a yi kome a gaggauce.

Kafin a zauna, mai saye ya sake shiga gidan da ƙafarsa, ko da ya shiga sau biyar a baya. Tsakanin ranar taya da ranar ciko abubuwa kan canja. Ƙofar ƙarfe ta kan koma ta langalanga, tankin ruwa ya kan yi ƙafa, injin rijiya da faifan hasken rana su kan bi masu gida. Ba lalle ne a kira wannan sata ba, sau da yawa ba a faɗi ko suna cikin ciniki ba ne, kowa ya tafi da nasa zato. In ginin ƙasa ne, a ɗaga kai a dubi azara, a ƙwanƙwasa ta da sanda, gama gara ta kan cinye ciki ta bar baya sumul. Gidan da aka saya da rani ba ya faɗin abin da ya ke yi da damina, amma bango ya kan faɗa: a dubi sawun ruwa a gindin katanga da ƙarƙashin indararo, a tambayi inda ruwan tsakar gida ke fita. Sabon yaɓe a wuri guda na bango, alhali sauran bangon tsoho ne, abin tambaya ne. A leƙa rijiya, a dubi nisanta da masai. In akwai lantarki, a nemi takardar biya ta ƙarshe a rubuta lambar mita, domin kamfanin Kaduna da ke ba Jihar Sakkwato wuta gidan zai zo nema, ko wane ne ya sha wutar.

Daga nan sai iyaka. Wannan aiki ne na maƙwabta, ba a yinsa a bayan idonsu. A kirawo na gabas da na yamma da na kudu da na arewa, da Mai Unguwa, a kama igiyar awo a zaga, a rubuta tsawo da faɗi da lamba. Kalmar nan “har zuwa gindin dogon yaro” ta jawo shari'a ba iyaka, gama itace ya kan faɗi, mai shaidarsa kuma ya kan mutu. Katangar da ke tsakanin gida biyu a tambaya ta wa ce, in ta tarayya ce a rubuta haka. Lungun da a ke bi a shiga gidan kuma a tabbata hanya ce ta kowa, kada ya zamana alfarma ce maƙwabci ya yi wa tsohon mai gida don zumuncin da ke tsakaninsu. Masu sayen gida ko shago a bakin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal zuwa Jega su lura ƙwarai: hanyar Gwamnatin Tarayya ce, kuma ƙa'idar irin waɗannan hanyoyi ita ce ƙafa 150 daga tsakiyar titi ta kowane gefe haƙƙin hanya ne. Wanda ya sayi gini a ciki ya sayi abin da ba shi da tabbacin kwana.

Yanzu mun zo ga babbar magana, watau wa ke sayarwa. In mutum shi ya gina gidansa, ko ya saya da kuɗinsa, ga takarda da sunansa, to, abin da sauƙi. Amma Tambuwal tsohon gari ne, tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya ke da suna, gidajen cikin gari kuwa da yawansu gado ne a kan gado, wani ma tun kaka ba a raba ba. Irin wannan gida shi ya kan fi araha, shi ne kuma ya fi cin mutane.

Bari mu buga misali. A ce mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, ba bashi a kansa, ba wasiyya, aka yi wa gidansa kuɗi naira miliyan 8. Matar tana da tumuni, miliyan 1 ke nan. Sauran miliyan 7 a kasa bakwai, kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Masu gidan nan mutum shida ne. Babban ɗa da ya zo zaure da babbar riga yana cewa shi ne uba yanzu, rubu'in gidan kaɗai ya mallaka. In ya sayar shi kaɗai, rabon sauran biyar yana rataye sai sun yarda. Rabonsa ma da ya sayar, 'yan'uwansa suna da haƙƙin shuf'a, watau su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe, tun da ba a raba gidan ba. Wanda ke gari ya sani ya yi shiru, haƙƙin nan nasa ya kan faɗi bayan shekara guda. Amma wanda ke Legas, ko ya ke ƙasar Gana yana fatauci, in ya komo yana nan a kan haƙƙinsa. Malam ya riga ya rushe soro ya yi ginin bulo, sai ga baƙo da sallama.

Maganin wannan shi ne a tara su duka. Malaman hukunci sun ce wanda aka sayar da dukiyarsa yana zaune a wurin, ya ji, ya yi shiru ba da wani uzuri ba har aka tashi, ciniki ya hau kansa. Ashe kuwa zaman kowane magaji a zauren nan ya fi kowane hatimi amfani. Wanda ba ya gari ya aiko da wakilci a rubuce da shaidu, a kuma kira shi ta waya a buɗe murya kowa ya ji. Mata fa? A nan ne a ke yawan sakaci. Ba a cika fito da su zaure ba, sai wani ya ce, “Ai na gaya musu, sun yarda.” Wannan bai isa ba. A tashi mutum biyu waɗanda suka san su, suka san muryarsu, su shiga ciki su ji daga bakin kowace, a karanta mata kuɗin da aka sallama da rabonta, ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Ni a ganina ƙanwar da aka aurar Dogon Daji ko Sanyinna, wadda ba wanda ya tuna da ita, ta fi kowa cancanta a aika mata da mota, domin 'ya'yanta ne za su tashi nan da shekara goma sha biyar su tambayi gādon uwarsu.

In akwai maraya wanda bai balaga ba, rabonsa ba ya sayuwa da yardar yayansa kawai, sai wasiyyinsa ko alƙali. In matar mamaci tana da ciki, a Malikiyya ba a raba gado sai ta haihu. In tana takaba a gidan mijinta, tana da haƙƙin zama har ta cika wata huɗu da kwana goma, ko ta haihu, ba mai fitar da ita don an sayar. Bashin mamaci kuma yana gaban gado. Saboda waɗannan duka, hanya mafi lafiya ga gidan gado ita ce a bi ta kotun shari'a, alƙali ya ƙididdige magada, a sayar a gabansa, mai saye ya fita da takardar kotu. Akwai ɗan kuɗi da za a biya, akwai jinkiri, amma duk wanda ya taɓa zaman jiran shari'ar gida ya san wanne ya fi tsada.

Sai takardu. A nan dole mu ɗan koma baya, gama da yawa daga cikinmu ba su san abin da su ke saye ba. Tun dokar ƙasa ta 1910, da wadda ta gyara ta a 1916, aka sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna don amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sake tsara wannan a dokarta ta 1962, sa'an nan a 1978 Gwamnatin Soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa ga Nijeriya baki ɗaya, ita ce kuwa ke aiki har yau. A ƙarƙashinta ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna. Abin da mutum ke saye shi ne ginin, da haƙƙin zama a kan filin. Haƙƙin nan iri biyu ne. Akwai wanda Gwamna ke bayarwa, mai satifiket, yawanci na shekara 99, shi ne na wuraren da aka ayyana su birni ne. Akwai kuma na gargajiya, wanda ke hannun ƙaramar hukuma a wuraren da ba a ayyana ba. Na farko ba ya canja hannu sai da yardar Gwamna, na biyu sai da yardar ƙaramar hukuma, dokar kuma ta ce cinikin da ya saɓa wannan banza ne. Kada a ɗauka barazana ce ta takarda: a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida da aka yi wa bankin Savannah a shari'arsa da Ajilo, don ba a nemi yardar Gwamna ba. In banki da lauyoyinsa sun faɗa wannan rami, ina ga malamin firamare?

Saboda haka tun kafin ranar ciko a je sashen filaye na ƙaramar hukuma, na Tambuwal ko na Kebbe, wadda gidan ke cikinta, a tambaya unguwar nan a wane kashi ta ke. In gidan yana da satifiket, a bincika a Ma'aikatar Filaye a Sakkwato ko sunan da ke rajista shi ne na mai sayarwa, ko akwai jingina a kansa, ko ana binsa kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Ranar ciko kuwa a ɗora ainihin takardun a kan tabarma. Hoton takarda ba takarda ba ne. Mai gida da ya ce ta asali ta ɓace, ko tana wurin wani ɗan'uwa, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, mai yiwuwa kuma tana cikin akwatin banki ko hannun wanda ya ba shi rance. Za a ga tsofaffin takardu masu kan En'e ta Sakkwato, ko Jihar Arewa maso Yamma wadda ta zauna daga 1967 zuwa 1976, wasu ma da ajami. Kada a raina su, a karɓe su duka, su ne ke nuna yadda gidan ya bi hannu hannu har ya iso ga wanda ke zaune gabanka.

Ga wani abu da dillalai ba su cika faɗa ba. Doka a kan mai riƙe da haƙƙin ta ɗora neman yardar hukuma, watau mai sayarwa. To, mutumin da ya karɓi kuɗinsa cif, me zai kai shi Sakkwato neman yarda domin wani? Sai a shirya takardar neman yardar tun da wuri, ya sa mata hannu a zaman nan, tare da takardar mayar da haƙƙi wadda lauya ya tsara, da hotunansa, da lambar katinsa na ɗan ƙasa. In ya yarda a riƙe wani abu daga cikin kuɗin a hannun amintacce har yarda ta fito, ya fi kyau, a rubuta adadin da wa'adin.

Hatimin Mai Unguwa da na Dagaci da na Uban Ƙasa fa? Wasu 'yan boko su kan ce ba shi da amfani tun da doka ba ta ba su ikon ba da ƙasa ba. Wasu kuma su kan ɗauka da an buga shi an gama. Duka biyu sun kauce. Hatimin nan ba ya maye gurbin yardar hukuma, amma Mai Unguwa shi ya san wanda ya haifi wane, ya san gidan da aka taɓa jayayya a kansa, ya san wanda aka ba aron ɗaki tun shekara talatin har ya fara jin nasa ne. Ba ofishin da ke da wannan sani a fayil. In ka ga Mai Unguwa yana jan ƙafa wajen sa hannu, ko ya aiko da uzuri sau biyu, kada ka ƙara masa goro, ka bi shi gida da dare ka tambaye shi dalili.

Rubuta takardar ciniki sau da yawa a kanmu ya ke faɗawa, mu malamai da akawuna, ko muna saye ko an kira mu taimako. A sa cikakken sunan mai sayarwa da na ubansa, haka na mai saye, da unguwa, da iyakoki huɗu da awonsu, da abin da ke cikin gida ɗaki ɗaki, da kuɗi a lamba da kuma a kalmomi, da abin da aka biya a da, da wanda aka biya yau. A sa cewa mai sayarwa ya ɗauki nauyin duk wanda ya taso da da'awa daga baya. Kada a rage kuɗi a takarda don gudun haraji, domin ran da aka warware ciniki, ko mai shuf'a ya zo, abin da ke rubuce shi za a mayar maka. Shaidu maza biyu adilai su ne ƙa'ida, ko namiji ɗaya da mata biyu a sha'anin dukiya, amma a ƙara, a kuma haɗa da matasa. Dattijo ya fi kwarjini a zaure, saurayi ya fi yiwuwar kasancewa da rai ran da za a neme shi. Dillali kada ya zama ɗaya daga cikin biyun nan, gama yana da la'ada a cikin cinikin. In mai sayarwa bai iya karatu ba, doka ta wajabta wa wanda ya rubuta ya karanta masa da harshen da ya ke ji, ya kuma rubuta sunansa da adireshinsa a ƙasa, da shaidar cewa ya karanta masa ya fahimta kafin ya dangwala yatsa. Layi biyu ne kawai, amma rashinsu ya kan ba mutum ƙofar cewa bai san abin da ya sa wa hannu ba.

Sai an gama wannan duka a taɓa kuɗi. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 in ba ta hanyar banki ba, ga kuma halin da hanyoyi ke ciki, ba mai hankalin da zai kwana da buhun kuɗi a ɗaki alhali rabin unguwa sun san ranar. A tura ta banki, zuwa asusun da ke da sunan mai sayarwa kansa. In gado ne, ko dai kowa a tura masa rabonsa, ko a tura inda kotu ta ce, ko inda magada duka suka rubuta suka sa hannu. A rubuta dalilin biya a wurin bayani. Mai sayarwa kuma yana da gaskiya in ya ƙi yarda da saƙon waya, ya ce sai ya ga kuɗi a asusunsa, gama saƙon ƙarya ya yi yawa. A yi haƙuri a jira, shaidu na zaune. La'adar dillali, da wanda zai biya ta, da goron shaidu, a yanke su tun jiya, kada a bari sai an shafa fatiha hannuwa su yi yawa.

Bayan kuɗi sai miƙa gida, a gaban shaidun nan dai. Kotuna sun daɗe da cewa ciniki irin na gargajiya ba ya cika sai an biya kuɗi, an yi a gaban shaidu, an kuma damƙa wa mai saye abin da ya saya. A tashi a je ƙofar gida, a miƙa mabuɗai, mai saye ya buɗe ya shiga. In da 'yan haya a ciki, a tara su a gaya musu gida ya canja hannu, a ga rasidinsu, a san wanda ya biya gaba da iyakar watan da ya biya, a cire daga kuɗin. In iyalin mai sayarwa ba su tashi ba tukuna, a rubuta ranar tashi, a kuma riƙe wani abu har ranar, gama fitar da mai iyali daga gidan da aka haife shi ba ƙaramin aiki ba ne, jama'ar unguwa kuwa ba za su goyi bayan baƙo ba. In gidan fanko ne, a canja kwado a ranar, a sa wani ya kwana.

Kashegari, tun ɗokin bai huce ba, a ɗauki takardu a kai a biya kuɗin hatimi a ofishin haraji na jiha, a shigar da neman yarda, in ta fito a yi rajista da sunan sabon mai gida. A karɓi rasidin gwamnati a kan kowane kwabo. Takardun asali a sa su cikin leda, a sa a akwatin ƙarfe inda gara da ɗigon damina ba su kai ba, a ba ɗan'uwa amintacce kwafi guda ya ajiye a wani gida, uwargida kuma a nuna mata inda akwatin ya ke.